An haife shi a Jidda, mahaifinsa ya rasu: har yanzu ɗan Najeriya ne?

Ɗan Koki: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta taso a zuri'armu. Ɗan wan mahaifinmu an haife shi a Jidda, bai taɓa taka Najeriya ba. Mahaifinsa ɗan Dala ne, ya rasu a can, fasfonsa kuwa ya daɗe da mutuwa. Mahaifiyar 'yar Chadi ce. Ana ce masa wai ba shi da ƙasa. Yaya zai tabbatar da matsayinsa a ofishin jakadanci? Sannan akwai ɗan'uwanmu da ya yi rantsuwar zama ɗan Amurka, shi ya rasa zama ɗan Najeriya ne?

Lauyan Gyaɗi-Gyaɗi: Wa alaikumus salam, Malam. Masu faɗin haka sun yi kuskure, kuma irin wannan maganar tana karya wa mutane gwiwa. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ɗaya ya wadatar, uwa ko uba. Mutuwar fasfo ko rasuwar uban ba sa taɓa wannan haƙƙi. Haihuwa a Saudiyya ita kaɗai ba ta mayar da shi Basa'udiye ba, don haka Najeriya ce ƙasarsa.

Ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda ba ya bayar da zama ɗan ƙasa, ba ya ƙwacewa. Hujja yake dubawa. Abu biyu za a kafa masa: cewa marigayin ɗan Najeriya ne, da cewa wannan ɗansa ne.

Na Amurka kuwa, sashe na 28 bai shafe shi ba, domin wanda ya samu ta rajista ko ta daɗewar zama yake kamawa. Ɗan ƙasa na haihuwa ba ya rasawa sai ya bi sashe na 29 da ƙafarsa: ya kai shekara 18, ya rubuta cewa ya saki, takardun su je Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja, Shugaban Ƙasa ya sa a yi musu rajista. Daga ranar rajistar ne ya fita. Rantsuwar da ya yi a can tsakaninsa da Amurka ce. Ya je ofishinmu na New York ko Atlanta ya sabunta fasfonsa.

Hajiyar Fagge: Barista ya faɗi doka, bari in faɗi inda aikin yake cijewa. Rabin hujjar nan a Kano take, ku ne za ku haɗa masa, Malam. Ku fara da mai unguwar gidanku na asali, ya shaida marigayin ɗan gidan ne, maganar ta bi ta wurin dagaci da hakimi, sannan ƙaramar hukumar Dala ta ba da takardar shaidar asali. Ɗan'uwan marigayi na jini ya je babbar kotu ya yi takardar rantsuwa a kan dangantakar. Tsohon fasfon nan kada a yar da shi ko ya yage, lambar da ke jikinsa ta fi baki goma.

Shi kuma a can ya riƙe takardar haihuwarsa ta Saudiyya, wadda sunan uba da ƙasarsa ke jiki, da takardar rasuwa, da igamar marigayin, wato takardar izinin zama a Saudiyya, in tana nan. A fassara su zuwa Turanci wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi, a buga musu hatimin Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya.

Abu biyu ke mayar da mutane baya. Na farko suna: Larabawa na jera sunan mutum da na uba da kaka, sai mai fassara ya rubuta Osman inda tsohon fasfo ya ce Usman, ko Mohammed a madadin Muhammad. Harafi ɗaya ya isa a tsayar da fayil. Na biyu kwanan wata: takardar tana da lissafin Hijira, in aka juya shi da ka sai a samu saɓanin kwana ɗaya ko biyu. Ku tsayar da rubutu ɗaya da kwanan wata ɗaya tun kafin ya yi lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, don ba a yin fasfo sai da ita, kuma dole bayanan su zo daidai.

Malam na Sabon Titi: Ƙari kaɗan. Za a yi masa tambayoyi baki da baki: unguwarsu, sunan kakansa, wa ya rage a gida. Ku zauna da shi a waya ku sanar da shi waɗannan da gaskiya. In igamarsa ta mutu kuma gida yake son dawowa, akwai takardar tafiya ta gaggawa, amma ta shigowa Najeriya ce sau ɗaya, ba ta maye gurbin fasfo. Kuma don Allah ku guji dillalan da ke cewa za su rubuta masa an haife shi a Kano. Da zarar an ɗauki zanen yatsunsa a kan wannan ƙaryar, takardar Jidda da ke hannunsa ta zama hujja a kansa, kuma gyaran wurin haihuwa a NIN aiki ne mai cin lokaci.