Injin dizal yana baƙin hayaƙi da shan mai: famfo za a buɗe ko taimin za a duba?

Mai_Niƙa_Ƙofar_Marusa:
Assalamu alaikum. Injin niƙa ne mai silinda ɗaya. Da an zuba masara a ɗora masa nauyi sai ya murtuke da baƙin hayaƙi, ƙarfi ya faɗi, mai kuma ya riƙa tafiya. Wani ya ce a buɗe famfon da ke tura dizal cikin silinda a ƙara masa mai. Masana, haka ne?

Injiniya_Daura:
Wa alaikumus salam. Malam, kada a taɓa famfon tukuna. Baƙin hayaƙi mai ne da bai sami isasshiyar iska ba, ko bai sami lokacin ƙonewa ba. Ƙara mai ƙara hayaƙi ne kawai.

Injin dizal ba shi da filogi. Fistin ne ke matse iska sau 16 zuwa 22, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Celsius, sai nozul, wato bakin feshin da ke kan silinda, ta fesa mai ya kama da kansa. Amma ba nan take yake kamawa ba, akwai ɗan jinkiri tsakanin fesawa da kamawa, shi ya sa ake fara fesawa tun fistin bai kai ƙololuwar hawansa ba. Masu kwaikwayon ƙonewa a kwamfuta suna auna matsin cikin silinda a kowane digiri na juyawar kiranshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, kuma abin da suke nema shi ne rabin man ya gama ƙonewa wajen digiri 8 zuwa 10 bayan ƙololuwa. A nan ne wutar ke tura fistin da kyau. In fesawar ta makara, man yana ci fistin ya riga ya sauka, zafin ya bi salansa ya fita. In ta yi wuri, wutar ta tari fistin yana hawa, ka ji ƙwanƙwasa mai kaifi, biyarin da ringi su sha wuya.

Usta_Bala_Gareji:
Gaskiya ne Injiniya, amma a fara da mai sauƙi. Ƙurar hunturu a Katsina tana toshe matatar iska da wuri, ballantana ɗakin niƙa da gari ke tashi. A tsabtace ta, in mai ɗaukar man juye ce a sake man.

Sannan a cire nozul a kai wurin masu gwaji. Feshin ya fito kamar hazo da ƙara a yanke. In tana ɗiga ko tana tsartuwa kamar zare, ta gama aiki. Matsin buɗewarta a bi abin da kamfanin injin ya rubuta, domin ya bambanta daga inji zuwa inji.

Taimin kuwa, wato lokacin da ake fara fesa mai, a kwance bututun da ke kai mai nozul daga kan famfo, a juya filawul, babban faifan ƙarfen da ke juyawa a gefen inji, da hannu a hankali, a zuba ido kan bakin famfon. Da mai ya fara motsi a tsaya, a duba ko alamar jikin filawul ta yi daidai da ta jikin inji. A irin waɗannan injuna siraran fallayen ƙarfe da ake kira shim da ke ƙarƙashin famfo ne ke saita shi: rage shim ya sa fesawa ta yi wuri, ƙarawa ya jinkirta ta. Ɗaya-ɗaya ake cirewa ana sake dubawa. A saita bawul kuma inji na sanyi.

Hajiya_Makanikal:
Malam, ka duba man da kake saya. Dizal da aka gauraya da kananzir ba shi da santsin da famfo da nozul ke buƙata, yana cinye su. Ruwa a cikin mai kuma yana kawo farin hayaƙi da tsatsa, don haka a bar jarka ta kwanta kafin a tsiyaya. Shuɗin hayaƙi daban ne, man juye ne ke hawa ta ringi.

Injiniya_Daura:
Madalla Hajiya. In an gama duk wannan hayaƙin bai daina ba sai an rage masarar da ake zubawa, to nauyin ne ya fi ƙarfin injin. A duba girman fuli da ɗaurin bel.