Neman duniyoyin wasu taurari a bayanan TESS, na'urar hangen taurari da ke sararin samaniya: abin da aka tsayar a tattaunawa

1. Kowa ya yarda a sauko da bayanai daga MAST, rumbun da ake ajiye su a intanet, a buɗe da manhajar Lightkurve.
2. Abin nema shi ne dusashewar haske mai maimaituwa, wadda kan faru duk sanda duniya ta gitta gaban tauraronta. Duniya kamar Jupita kan rage hasken tauraro irin Rana da kashi 1 cikin 100.
3. TESS kan kalli yanki kusan kwana 27, don haka duniyar da ke daɗewa kafin ta kewaye tauraronta tana iya kuɓucewa.
4. An fi jan kunne kan tagwayen taurari masu kewaya juna, domin in ɗaya ya tare ɗaya, haske kan dusashe kamar duniya ce ta gitta. A gwada zurfin dusashewa ta farko da ta biyu; in sun bambanta, galibi tagwaye ne. A kuma duba maƙwabtan tauraron a kundin taurari na Gaia, domin haskensu kan gauraya da nasa.

Inda aka rabu: wasu sun gamsu da PDCSAP, ma'aunin haske da aka riga aka tace, wasu sun ce tacewarsa kan shafe alamar gaske, gara mutum ya tace SAP, ɗanyen ma'aunin, da kansa.