Manaja ya ce in sa hannu a kan wayar lantarki da ta faɗi gwaji: alhakin a wuyan wa?

Mai Awon Waya:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka daɗe suna aiki a ƙarƙashin wani.

A ɗakin gwaji nake aiki, a wani kamfanin da ke yin wayar lantarki ta gidaje. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Duk zubin da aka yi, ni nake yanko samfuri in auna, in cike takarda, in sa hannu, sannan a fitar da kaya. Babban abin da muke aunawa shi ne turjiyar jan ƙarfen da ke cikin robar, wato yadda yake tare wa wuta hanya, ana auna ta da ohm. Wayar da aka buga wa 2.5, lambar da ke nuna kaurin jan ƙarfenta, irin wadda ake ja wa soket, ƙa'idar wayoyi ta duniya mai suna IEC 60228 ta ce kada turjiyarta ta wuce ohm 7.41 a kilomita ɗaya, in an auna a zafin digiri 20. Tun da jan ƙarfe ya yi tsada awon ya fara hauhawa kaɗan-kaɗan. Zubin da ke gabana yanzu ya kai 9. Na sake yanka, na sake aunawa, na duba na'urar kanta, bai sauya ba. An rage jan ƙarfen ne, aka ƙara roba don kaurin waje ya zauna yadda aka saba gani.

Da na kai wa manajanmu, bai musa ba. Ya zaunar da ni, ya ce duk masu irin sana'armu haka suke yi, in muka tsaya a kan ƙa'ida kwangilar za ta tafi wajen wani, a sallami rabin ma'aikata. Ya ƙara da cewa: "Kai dai ka rubuta 7.3 ka sa hannu. Umarnina ne, ni zan ɗauki nauyi."

Mutumin nan ba azzalumi ba ne, shi ya ɗauke ni aiki lokacin da ba ni da kowa. Ina da iyali, mahaifiyata ma a hannuna take. To idan shi ya ba da umarni kuma ya ce ya ɗauki nauyi, ni da nake bin umarni ina da laifi? In na ƙi, me ya rage mini ban da ajiye aiki?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sa hannun nan. Bari in fara da wayar, don wasu masu karatu za su ɗauka tazarar 7.41 da 9 wasa ce.

Zafin da waya ke yi yana bin turjiyarta ne. Da ƙarfin wuta iri ɗaya, taka za ta fi wadda ta cika ƙa'ida zafi da kusan kashi ɗaya bisa biyar. Mai haɗa wuta bai san wannan ba. Rubutun jikin roba yake karantawa, ya ga 2.5, ya ɗaura mata birekar da ta dace da 2.5. Ita kuwa bireka, wato na'urar da ke yanke wuta in ta yi yawa, yawan wutar da ke wucewa take lura da shi, ba ta san waya tana ƙuna a cikin bango ba. Robar PVC ta yau da kullum an yi ta ne don jan ƙarfen da bai wuce digiri 70 ba. In tana yawan wuce nan sai ta bushe, ta tsage, shekaru suna tafiya. Ranar da abin zai faru, wataƙila kai ka manta ma ka taɓa cike takardar. Mutanen gidan kuwa ba su san da kai ba, ba su san da manajanka ba, kuma ba wanda ya nemi yardarsu.

Yanzu maganar "ni zan ɗauki nauyi". Da baki ya faɗa, a ofishinsa, ku biyu. Abin da zai shiga fayil sunanka ne da kwanan wata da lambar da ka san ƙarya ce. Ga misali: a watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona cewa kamfanin motoci na Volkswagen ya saka wa motocinsa masu dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji, ta rage hayaƙi mai guba, in an koma kan hanya kuma ta sake shi har ya kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 a duniya. Wa aka fara ɗaurewa a Amurka? Wani injiniya ne, James Liang, wanda ya yi wa kamfanin aiki sama da shekara 30. Lauyansa ya ce ba shi ya kitsa abin ba, biyayya ce ta kai shi. Masu gabatar da ƙara shekara uku suka nema, alƙali ya ba shi wata 40 a 2017, ya haɗa masa da tarar dala 200,000.

Kuma tsakanin sa hannu da ajiye aiki akwai fili babba. Ka rubuta 9 ɗin da ka gani, ka sa hannu a kan wannan. Ka aika wa manaja gajeren imel: ga abin da na auna, ga abin da ƙa'ida ta ce, ba zan iya rubuta cewa ya ci ba. Sannan ka kawo masa mafita, kada ka je da ƙi kawai. Iyakar waya mai 1.5 ohm 12.1 ce, ka ga wannan zubin ya ci gwajinta har da rara. A sake buga mata 1.5 a sayar da ita a matsayinta na gaskiya, ko a narka a sake ja. Za a yi asara, amma asarar da kamfani zai iya lissafawa ce.

Ɗan Kasuwa Ne Ni:

Baba Injiniya, da girmanka, amma kuna magana kamar ba ku taɓa biyan albashi a ƙarshen wata ba. Masu ƙa'idar nan suna barin rara mai yawa, kowa ya sani. Gida nawa ne ke jan cikakkiyar wutar da waya za ta iya ɗauka? Yaro ya ƙi sa hannu, a kore shi, a kawo wani ya sa, waya ta fita kamar yadda za ta fita. Me aka gyara? An ƙara mutum ɗaya a layin marasa aiki, shi ke nan. Ni a ganina mai kamfani ne ke da alhakin abin da yake sayarwa, ma'aikaci aikinsa ya yi abin da aka ce.

Tsohon Injiniya:

Alhaji, rarar da kake magana an bar ta ne don ranar zafi, da wayoyin da aka cusa da yawa a bututu ɗaya, da mai gidan da zai jona hita da dutsen guga a soket guda. Ba a bar ta don kamfani ya cinye ta tun daga masana'anta ba. In an cinye ta a can, me ya rage wa mai gida?

Maganar albashi kuwa, an taɓa yin ta a Rana Plaza, wani dogon bene mai masana'antun ɗinki a Bangladesh. Ran 23 ga Afrilun 2013 aka ga tsaga a ginin. Bankin da shagunan da ke ƙasa suka rufe. Masu ɗinki na benayen sama aka ce su koma aiki washegari, don akwai kayan da ake jira, wasu har da barazanar hana albashi. Ginin ya rushe ran 24, mutum 1,134 suka mutu. Kowane mai kula da layi da ya tura mutane ciki umarni yake bi.

Cewa wani zai sa hannu in shi ya ƙi, wataƙila haka ne. Sai dai hannun wancan ne zai hau takardar. Kuma na zauna da manajoji da yawa a rayuwata: mafi yawansu in suka ga abu ya shiga rubuce, murya takan sauka.

Hajiya Akanta:

Ƙanena, ina bayan Baba a kan kada ka sa hannu. Amma akwai abin da ya wuce da sauri, ni kuma a nan nake so in tsaya, domin na ga yadda ake yi wa masu faɗar gaskiya a ofis. Ba a cika korarsu ranar ba. Sai a daina kiranka taro, a fara samun kuskure a aikin da da ake yabo, a canza maka wuri, bayan 'yan watanni a ce ba ka da ƙwazo. Ka shiga da idonka a buɗe.

Ka dubi bankin Wells Fargo na Amurka. A 2016 aka ci shi tarar dala miliyan 185 saboda ma'aikata sun buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba, don cika adadin da shugabanni suka ɗora musu. Bankin ya ce ya kori mutum kusan 5,300 a kan haka, galibinsu ƙananan ma'aikata. Wato waɗanda suka bi matsin su aka fara sharewa. Waɗanda suka kai ƙara ma ba su sha da daɗi ba. Akwai manajan da aka kora a 2010 bayan ya kai rahoton abin da yake zargin zamba ce, sai a 2017 hukuma ta ce a mayar da shi a biya shi dala miliyan 5.4. Ya yi nasara, amma ka lissafa shekarun da ya yi yana jira, da iyali a gida.

Don haka ga abin da zan ce ka yi. Ka samu littafi naka na kanka, kana rubuta rana, lambar zubi, abin da ka auna, wanda ka gaya wa da abin da ya ce. Kada ka kwashi takardun kamfani ka kai gida ko ka watsa su a Facebook, wannan zai ba su hujjar korarka har da kai ka kotu, a bar maganar waya a koma kanka. Ka karanta takardar ɗaukarka aiki, ka nemi lauyan da ya san dokar ƙwadago ta inda kake, don kariyar da ake ba mai tona asiri ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka fara neman wani aikin tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma gaya wa uwargida komai, kada ta ji a bakin wani.

Imel ɗin nan kuma a tausasa shi. Kada kalmar zamba ko ha'inci ta fito a ciki. Lambobi kawai. Ka bar wa mutumin ƙofar da zai fita ba tare da ya ji kunya ba.

Almajirin Malam:

Allah ya saka wa Baba da Hajiya. Ɗan ƙari ne ta fuskar addini. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci na sayarwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ciki. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka lura ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba, ɓoyewar aka hana. Shawarar buga wa wayar 1.5 ta hau kan wannan daidai.

Ga Alhaji kuma: alhakin mai kamfani yana nan, ya ma fi girma, amma bai share na mai sa hannu ba. Takardar gwaji shaida ce, rubuta 7.3 bayan ka ga 9 shaidar zur ce, kuma ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci. Alherin da manajan ya yi maka hakkinsa ne ka rama, hanyar ramawar ita ce ka same shi a keɓe ka yi masa nasiha kafin kowa ya ji.

Mai Awon Waya:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na same shi shi kaɗai kamar yadda Malam ya ce, sannan na tura imel ɗin, lambobi kawai. Ransa ya ɓaci, ya ce na ba shi kunya. Bai amsa a rubuce ba. Amma zubin yana nan a sito, ba a fitar ba, kuma na ji ana tambayar sashen sayarwa ko akwai mai son 1.5 da yawa. Gaisuwata dai yanzu da gyaɗa kai yake amsa ta.

Ga sabuwar damuwa. Da nake duba tsofaffin fayiloli, na ga zubi da dama na bara, kafin a dawo da ni wannan ɗakin, duk an rubuta musu 7.3 cif, ba ko ɗigo na bambanci. Ba a samun awo haka. Waɗannan sun riga sun shiga bangon gidajen mutane. Su kuma fa?

Hajiya Akanta:

Zato kake yi tukuna, ko da yake zato ne mai ƙarfi. Kamfanoni da yawa suna ajiye guntun samfuri na kowane zubi. In naku yana yi, ka nemi izini a rubuce ka sake auna biyu ko uku. In sun faɗi, maganar ta fi ƙarfin manajanka, ta masu kamfanin ce, in suka toshe kunne kuma sai hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasarku. Amma ka ga lauyan nan kafin ka taɓa fayilolin bara. Baba Injiniya, samfurin da ya shekara a ajiye, awonsa yana nan yadda yake?

Tsohon Injiniya:

Yana nan, Hajiya. Jan ƙarfe ba ya ramewa don an ajiye shi. Ya kankare bakin wayar sosai kafin ya maƙala na'ura, ya rubuta zafin ɗakin, kuma ya samu mutum na biyu ya tsaya a wajen ya sa hannu a kan abin da suka gani tare.