Ƙafata na mutuwa a fenareti, ku taimaka

Salam 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. A atisaye in na buga fenareti goma da ƙyar nake ɓarar da ɗaya, amma ranar wasa da na ajiye ƙwallo na ji ihun 'yan kallo sai gabana ya hau faɗuwa, ƙafa tai nauyi kamar ba tawa ba, gola ya cika raga. Koci yace wai matsin ne ke ƙara wa mutum kuzari, wajen gudu na yarda, amma saiti kam lalata min shi yake. Na gwada jan numfashi da zaɓar kusurwa tun kafin a busa, shiru. Na san har Baggio, shahararren ɗan wasan Italiya, ya ɗaga ta sama a wasan ƙarshe na kofin duniya a 1994, amma ni kullum ne fa. Ya kuke yi?