Me za mu kira robar da ke riƙe gilashin bayan mota?

Mai gilashi, Suame:
Assalamu alaikum jama'a. Abin da Bature ke kira "seal", wato baƙar robar nan da ke zagaye gilashin mota ta riƙe shi a jikin bodi, wane suna za mu ba ta da Hausa? Kada wani ya ce min "roba". A Kumasi bokiti roba ne, ledar da aka ƙulla maka koko roba ce, takalmin wanka roba ne, Asantawa ma roba suke cewa. Dalilin tambayar, muna tayar da wata tsohuwar Datsun 240Z a nan Suame Magazine, unguwar garejin Kumasi, 'yar motar gudu mai kujera biyu da ta fara fitowa a ƙarshen 1969. Ƙofar bayanta sama take buɗewa, gilashin kuma a jikinta yake. To wannan ƙofa kaɗai tana da roba iri biyu: wadda ke riƙe gilashin, da wadda ƙofar ke kwanciya a kanta idan an rufe. Mai motar ya yi waya ya ce a aiko masa "robar gilashin baya", sai ga ta bakin ƙofa ta iso a bas. Ba na ganin laifin mai sayarwa, kalmar ce ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta.

Dilan kayan mota, Abossey Okai:
Wa alaikumus salam, Masta. Ku ce "sil" mana a huta, ai kowa ya sani.

Mai gilashi, Suame:
Alhaji, in na aiko yaro shagonka ya ce a ba shi sil, me za ka miƙo masa?

Dilan kayan mota, Abossey Okai:
To, gaskiya na mai zan ba shi, ɗan zoben nan mai hana man inji yoyo. In ya ce gaskit kuma na kan inji zan ɗauko. Na janye.

Malamin Hausa, Aboabo:
Masta, kafin a raɗa wa abu suna sai an ga kamanninsa. Mu da ba mu taɓa riƙe sufana ba, yi mana bayanin yadda take da yadda ake sa ta. Ni dai "matoshin gilashi" ya fara zo min, tunda ruwa take tarewa.

Mai gilashi, Suame:
Madalla, Malam. Idan ka yanka ta ka dubi bakin yankan, za ka ga kwarmi uku. Ɗaya gilashi ke shiga, ɗaya yana cizon siririn bakin ƙarfen bodi, na ukun ƙarami ne a waje, nan farin ƙarfen ado yake zama. Babu ƙusa, babu noti. Ita kaɗai ke ɗauke da gilashin. Motocin yanzu gam ake shafawa a manna gilashin a bodi, shi ya sa yaran da ke koyon aiki yanzu da yawa ba su taɓa ganin an ja igiya ba.

Ga yadda ake yi. Da farko a shanya sabuwar a rana ta yi laushi, wannan kam Allah Ya hore mana kyauta. A kankare bakin ƙarfen, domin a kusurwoyin ƙasa ruwa ke kwana, kuma kusan duk tsohuwar motar da ka ɓare za ka tarar tsatsa ta ci wurin. In ya huje sai mai walda da mai fenti sun gama nasu tukuna. Sannan a sa wa gilashin robar tun yana kan tebur. Ni ina sa farin ƙarfen a lokacin, don bayan gilashi ya hau kwarmin yana matsewa, wasu kuma sai daga baya suke sawa. Sai a ɗauko igiya mai santsi, kaurinta kamar na igiyar shanya, a cusa ta cikin kwarmin bodi ta zagaye duka, bakinta biyu su gitta juna a tsakiyar ƙasa. A shafa ruwan sabulu. Ban da man inji, ban da giris: irin robar da ake yi yanzu, EPDM, tana jure rana amma mai yana kumbura ta.

Mutum biyu ne aikin. Ɗaya a waje ya ɗora gilashin ya danna da tafin hannu a buɗe, ɗaya a ciki yana jan igiyar a hankali zuwa tsakiyar gilashin. Duk inda igiyar ta fita sai ka ga leɓen robar ya juyo ya haye kan ƙarfen. A kusurwa ake gumi, nan za ka riƙa juya igiyar kaɗan-kaɗan, in ka fizga ta yanke leɓen. Na waje kuma kada ya kuskura ya sa sukudireba a gefen gilashin. Gilashin baya gasasshe ne, ba ya tsagewa kamar na gaba mai leda a tsakiya. Gefensa ya ji ƙarfe, gaba ɗaya zai zube ƙanana-ƙanana, kuma na wannan motar ba a kan kowane tebur ake samunsa ba.

Don haka matoshi bai kai ba, Malam. Matoshi na kwalba ne, rami yake cikewa. Wannan riƙo take yi, tare ruwa kuma kyauta ce ta biyo baya.

Tela, Asawase:
Masta, ni da na ji bayanin sai na ce ko "kalmasar gilashi", tunda gefe take bi. Amma da na sake tunani, kalmasa yadin ne da kansa ake naɗewa a ɗinke, ba wani abu ake kawowa daga waje ba. Ku bar ta a wajenmu.

Ɗan Kano mai karatu a jami'ar Tek ta Kumasi:
Gaisuwa ga iyayena. Don Allah duk abin da za a zaɓa a guji dangin "toshe". A wajenmu toshi na budurwa ne, toshiya kuma kun san ta bakin wa ake yi wa. "Liƙi" na gidan biki ne. "Kewayen gilashi" ma kada a fara, za a nuna wa mutum bayan gida. Me zai hana "gammon gilashi"? Zagaye yake, kuma yana shiga tsakanin kaya da kai.

Mai gilashi, Suame:
Ƙanena, gammo ya yi kusa, don lallai tana hana gilashi gogar ƙarfe idan mota ta faɗa rami. Sai dai saki tulun ka gani ko gammo zai riƙe maka shi.

Tsohon fita, Sabon Zango:
Yara, jikana ne ke rubuta min. Na yi aiki a Magazine tun ana tuƙi a hannun hagu, kafin Ghana ta koma dama ran 4 ga Agusta 1974. Datsun ba baƙuwarmu ba ce, mun gyara tasi 120Y har mun gaji. Ita wannan 240Z mai silinda shida a jere, a labari muka fi saninta, da ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 da 1973. Gilashin motocin lokacin dukansu da igiya muke sa su.

Ku buɗe bakinku ku duba. Me ke riƙe haƙori? Dasashi. Nama ne mai taushi ya rungume abu mai tauri, bai bar ƙofar da wani abu zai shiga ba. In ya tsufa ya ja baya, haƙori ya fara girgiɗi. Robar ma haka: hunturu ya busar da ita, ta tsattsage ta ja da baya a kusurwa, gilashi ya fara kaɗawa, damina ta zo ka tarar da tabki a but. Ku ce dasashin gilashi.

Malamin Hausa, Aboabo:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Kalmar ta zauna, kuma ginin ba baƙo ba ne, tunda mun riga mun ba mota kai, da ido, da ƙafa, da ciki. Abu ɗaya ke min ƙaiƙayi. Bahaushe ya fi tuna dasashi idan haƙoran sun zube, ga kuma "dasashe" ta wuƙar da ta daina ci. Ina tsoron a ji kamar ana nufin robar da ta mutu.

Tsohon fita, Sabon Zango:
Malam, mai haƙora talatin da biyu ma yana da dasashi, ba ya dai tunawa da shi ne sai ya kumbura. Ni da nawa ya fito fili ai na fi ku sanin aikinsa.

Mai gilashi, Suame:
Baba ya gama magana. Abin da ya fi min daɗi, kalmar ta raba min biyun da suka haɗa mu rigima. Ta bakin ƙofa ba ta riƙe komai, matse ta kawai ake yi, ita sai ta ci gaba da zama robar ƙofa. Kuma kada a raina ta: a wannan motar in ta mutu, iskar da ke juyawa a bayan mota tana turo hayaƙin salansa cikin ɗaki, musamman in an sauke gilashin gefe. Mai riƙe gilashi kuwa dasashi, na gaba ko na baya. Leɓe, kwarmi da igiya suna nan yadda muke faɗarsu. Jam'in fa, Malam?

Malamin Hausa, Aboabo:
Kada mu wahalar da kanmu. Dasashi biyu, dasashi uku, ya wadatar a gareji.

Dilan kayan mota, Abossey Okai:
Na karɓa, amma da sharaɗi. Ni daga waje nake odar kayan nan, kuma can lambar kaya suke ji. Duk wanda zai kira ni ya ce dasashi, ya haɗo da sunan motar, da shekararta, da hoton tsohon a yanke ta yadda zan ga kwarmin. Akwai mai wurin farin ƙarfe, akwai marar shi, kuma in an buɗe leda ba a mayarwa.

Tela, Asawase:
To shi farin ƙarfen fa? Kun yi ta ce masa "na ado" tun ɗazu, shi ma ai ba suna ba ne.

Mai gilashi, Suame:
Hajiya, bari mu fara hawar da gilashin nan lafiya. Mai walda bai gama kusurwar hagu ba.