Zan fara koyon kwanan daji amma kuɗina kaɗan ne: me zan saya, me zan haɗa da kaina?

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Ni ɗalibi ne a Jos. Wasu abokaina da suka yi Man O' War a sakandare sun shirya kwana biyu a duwatsun Shere cikin hutun Disamba, sun ce in zo in koya. Ni kuwa ban taɓa kwana a waje ba, in ba tsakar gida lokacin bazara ba. Na kalli bidiyon Turawa a YouTube, kowa da tanti da jakar barci da ɗan risho na gas. Da na tambayi kuɗin tanti kaɗai, sai na ga ya fi duk abin da ke hannuna. Naira dubu 30 gare ni. Me ya zama dole in saya, me kuma zan iya haɗawa daga kayan gida?

Tsohon Sikawut:
Wa alaikumus salam ɗana. Ajiye wayar nan tukuna. Waɗanda kake kallo shirin ruwan sama da ƙanƙara suke yi. Kai a Disamba ba ruwa, abin da zai wahal da kai sanyin asuba ne da ƙishirwa da ƙafarka.

Saboda haka kuɗinka ya fara zuwa ƙafa. Ka shiga kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo ka nemi takalmi mai rufe idon sawu. Kada kyan samansa ya ruɗe ka, juya shi ka dubi ƙasan. In zanen ya cinye, mayar wa mai shi, domin a saukowa daga dutse aka fi faɗuwa. Ka lanƙwasa shi da hannu biyu ka ga ko gam ya fara saki ta baki. Ɗauki wanda ya ɗan fi ƙafarka don ka sa safa biyu, siririya a ciki, mai kauri a waje. Daga nan ka kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki, ka riƙa zuwa makaranta da shi har ranar tafiya. Wanda ya sa sabon takalmi ranar fita, kafin azahar ƙafarsa ta yi bororo, sauran kuma su koma jiransa.

Tanti kuwa ka manta da shi. Ɗan tamfol ya isa, ko tsohuwar banar kamfe, irin wadda ake watsarwa bayan zaɓe. Roba ce mai kauri, iska ba ta ratsa ta, kuma sau da yawa kyauta ake samu. Ka ja igiya tsakanin itatuwa biyu ka yafa ta a kai. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tahowa, to wannan gefen shi za ka saukar har ƙasa ka danne da duwatsu. Kada ka huda banar don ɗaure igiya, yagewa za ta yi. Sa 'yar tsakuwa mai santsi a kusurwa, ka naɗe ta da robar ta zama ƙulli, ka shaƙe wuyan ƙullin da igiya. Ko iska ta kwana tana ja ba zai kwance ba.

Abin da sabon shiga ba ya ganewa shi ne, sanyi ta ƙasa yake shiga jiki. Kana iya lulluɓa da bargo biyu, in dai a kan dutse kake kwance da tabarma kawai, da ƙarfe uku na dare za ka farka haƙoranka na haɗuwa. Shere ba Kano ba ce, tsayin ƙololuwarta ya haura mita 1,800. Ka tafi da buhunan shinkafa biyu na kilo 50, a can ka cika su da busasshiyar ciyawa ka kwanta a kai. Bargon gida da hular sanyi da busasshiyar safa ta barci, shi ke nan jakar barcinka ta haɗu.

Wuta: laita biyu, da ashana a cikin tsohuwar robar magani mai murfi. Ka yanyanka tsohon tif ɗin keke sirara-sirara, yana kama wuta ko itace na gardama, kuma shi ne maɗaurin komai, daga bakin buhu har takalmin da ya ɓalle. Auduga da aka shafa wa basilin ita ma tana daɗewa tana ci. In kana sha'awar ƙyastu da audugar rimi irin na kakanninmu, ka koya a bayan gida da rana tsaka, ba a kan dutse da magariba cikinka na kuka ba. Tukunya, babban gwangwanin madarar gari ne: huda biyu da ƙusa kusa da baki, ka sa waya ta zama mariƙi. Ban da gwangwanin fenti ko na maganin feshi, ko an wanke shi sau nawa. Kafin ka kunna ashana ka share ciyawa taku uku kowane gefe, ciyawar Disamba ba ta jiran a ba ta haƙuri.

Wuƙa ta maƙera mai kube ta fi wadda ake tallatawa da suna, ka wasa ta kawai. Adda ɗaya ta ishe ku duka. A sa su can ƙasan jaka a naɗe, saboda shingen jami'an tsaro.

Maman Hanifa:
Baba ya gama magana a kan kwanciya, ni aikin jinya nake yi, bari in ce wani abu kan ruwa. Ƙanena, a lissafa maka aƙalla lita 3 zuwa 4 a yini in kana hawan dutse, kuma sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Robobin lemo manya da aka wanke sun isa. Ruwan rafi komai garai ɗinsa a tace da tsumma mai tsabta, a dafa ya tafasa sosai na minti ɗaya. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ka sayi gishirin ORS, wanda ake jiƙawa a sha in jiki ya rasa ruwa. In babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Ka ƙara da filasta da bandeji da farasitamol da gidan sauro.

Maganar maciji kuma, don Allah kada wani ya ce zai tsaga wurin, ko ya tsotsa, ko ya ɗaure da igiya tamau, ko ya manna baƙin dutse. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagar ƙara zubar jini take. Ba a banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba. Ku san asibitin da ya fi kusa tun kafin ku hau, kuma kowace safiya a zazzage takalmi saboda kunama.

Jikan Arɗo:
Baba, da girmanka, ban yarda sai takalmin gwanjo ba. Mu da takalmin roba muke kiwo tun muna yara, daga nan har Mambila, ba ya jin ruwa kuma kuɗinsa bai kai rabi ba. Ɗan Gangare, ka nemi sanda mai ƙwari da malafa, ka cika aljihu da ƙuli-ƙuli da dabino da garin kwaki. Kada ka tsire nama da reshen tinya ko tumfafiya, kada ruwansu ya taɓa maka ido. Igiya in ta ƙare, ɓawon kalgo yana ɗaure kaya.

Sannan daji yana da masu shi. Ku fara gaida mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, mutanen Afizere ne a wajen, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora ku sallame shi. A gida ma a san inda kuke da ranar dawowa. Zamanin da ake shiga kowane daji kai tsaye ya wuce, wanda ya san labarin 'yan bindigar dazukan Kamuku da Rugu ba sai an yi masa bayani ba.

Tsohon Sikawut:
Jikan Arɗo, ƙafar da ta tashi a bayan shanu daban take da wadda ta tashi a aji. Roba da gumi za su saɓule masa fata tun ranar farko. Maganar jagora dai gaskiyarka ce, a ware kuɗinsa tun kafin a shiga kasuwa.

Ɗan Gangare:
Na gode Baba, na gode Anti, Allah ya saka. Tocila fa? Fitilar wayata ba za ta yi ba?

Tsohon Sikawut:
Ba za ta yi ba. Wayar a kashe ta a ajiye don kiran gaggawa, sanyi ma yana shanye caji, sai ka kwana da ita cikin bargo. Sayi ƙaramar tocila mai batir da batir na canji, ka ɗaura ta a gefen hularka da tif ɗin nan, hannuwanka biyu su zama a sake. Kuma daren Juma'ar nan ka kafa banar a tsakar gidanku ka kwana a ciki da kayan da ka haɗa. Abin da ya hana ka barci, ka dawo nan ka faɗa mana da safe.