Wace kalma za mu sa wa "lift kit" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, musamman direbobi da makanikai da malaman Hausa da ke nan. Kalma nake nema, kuma akwai abin da ya sa ni nemanta.

Bara da damina ina jigilar taki zuwa ƙauyuka da Hilux. Duk wanda ya san hanyar karkara a watan Agusta ya san yadda take: manyan motoci sun haƙa kwari biyu da tayoyinsu, tsakiya ta yi doro. Na kai motar wani gareji na ce ina so ta daina taɓa ƙasa. Aka ce mini maganin abin shi ne "lift kit". Na biya, aka sa, motar ta fito ta yi sama gwanin kyau. Ba a yi sati ba, a daidai wurin da na saba maƙalewa, na sake maƙalewa. Na sauka na durƙusa cikin taɓo na leƙa. Bodi yana can sama, hannuna har yana shiga tsakaninsa da shasi, wato ƙashin ƙarfen da bodi ke zaune a kai, amma dunƙulen ƙarfen nan mai kama da tulu da ke tsakiyar aksul na baya, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, ya hau kan doron ya zauna daram, tayoyi suna ta juyi a banza. Ban ce an cuce ni ba. Abin da aka ambata mini shi aka sa mini. Ni ne na sayi suna ban san abin da ke cikinsa ba, kuma na tabbata da a ce da Hausa aka faɗa mini, da na yi tambaya kafin in zaro kuɗi.

Abin da na gane daga baya shi ne, Turawa sun haɗa aiki iri biyu a ƙarƙashin suna ɗaya. Na farko, a kwance ƙusoshin da suka riƙe bodi a kan shasi, a cusa wasu dunƙulallun roba mai tauri ko ƙarfe a tsakani, yawanci masu kaurin inci 1 zuwa 3, a mayar da dogayen ƙusoshi a ɗaure. Bodi kaɗai ya tashi. Shasi da inji da aksul suna nan inda suke. Wannan aka yi mini. Na biyu, a canza sifirin da shokazoba a sa waɗanda suka fi tsawo, sai shasin kansa ya tashi da duk abin da ke kansa. Wannan ya fi tsada, ya kuma fi amfani, domin cikin mota da gabanta da bayanta duk sun yi nesa da ƙasa.

To amma ko na biyun bai ɗaga tulun aksul na baya ba. Aksul a jikin taya yake, babu abin da zai ɗaga shi sai taya mafi girma. Asalin dalilin ɗaga motar ma ke nan, a samar wa babbar taya wurin da za ta juya ba tare da ta goge bodi ba.

Yanzu kalma. Abin da ya fara zo mini shi ne "kayan ɗaga mota", sai na ga bai yi ba. Ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka ce kana neman kayan ɗaga mota, jak za a miƙo maka. "Ƙarin tsawo" ma ya ƙi zama, saboda mota mai tsawo a kunnen Bahaushe tirela ce ko doguwar bas.

Da na fara yin wannan tambaya, wani ɗan'uwa ya rubuto: "Malam, me ya sa za ka wahalar da kanka? Mun karɓi sitiyari da giya da burki, babu wanda ya mutu. A ce lif kawai." Ɗan'uwa, ba na ƙin aro, rabin kalmomin da ke bakina a gareji na aro ne. Amma lif ta riga ta yi aure sau biyu a Hausa. Akwai lif na hawa bene, akwai lif da ake ba mai tafiya a ƙasa a rage masa hanya. Kuma ko da babu wannan, sitiyari abu ɗaya ne da kowa ke gani da idonsa, ya kama da hannunsa. Wannan kuwa yana ƙarƙashin mota, iri biyu ne, kuma kuɗinsu da amfaninsu ba ɗaya ba ne. Kalmar da ba ta bambanta su ita ce ta kai ni cikin taɓo.

Wani dattijon direba da ya yi shekaru a hanyar Birnin Gwari ya ce: "Ɗana, ai kalmar tana bakinku. In za ku sayi mota don ƙauye, ba cewa kuke a samo mai tudu ba? In ta tsufa sifirin ya saki, ba cewa kuke ta yi ƙasa ba?" Baba, Allah ya ƙara girma, nan ka gama magana. Muna cewa takalmi mai tudu, gado mai tudu, mota mai tudu. Saboda haka aikin gaba ɗaya a kira shi ƙarin tudu, kayan da ake sayarwa a kwali ɗaya kuma kayan ƙarin tudu. "Na kai ta a yi mata ƙarin tudu." Na faɗa da ƙarfi sau uku, bai yi mini nauyi a baki ba.

Daga Maraɗi wani ya ce su a can mota irin Hilux kat-kat suke ce mata, kuma a bakinsu "ƙarin bisa" ya fi sauƙi. Na yarda, Sakkwatawa ma za su ji shi daidai. Duk wanda ya ji ɗaya zai gane ɗayan.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne sunan dunƙulen da ake cusawa tsakanin bodi da shasi. Wasu sun ce weji, amma weji abin da yaron mota ke jefawa bayan taya ne kada ta gangara. Ni abin da nake gani shi ne gammo. Ku duba mai tallar da ta ɗauko tulu: ta naɗe tsumma ta ɗora a ka, ta ɗora kayan a kai. Kayan sun ƙara bisa, amma ita ba ta ƙara ko taƙi ɗaya ba, ƙafarta tana nan inda take. Haka abin nan yake, har siffarsa zagayayye ne kamar gammo. Da makaniken nan ya ce mini "gammo za mu sa mata", wallahi da na tambaye shi, to ƙafar fa? Irin kalmar da nake nema ke nan, wadda ke faɗa wa mai saye iyakar abin da ya saya.

Aiki na biyun kuwa, wato canza sifirin da shokazoba, makanikai sun riga sun share hanya, tunda duk abin da ya shafi sifirin da shokazoba da bol-joyin aikin ƙafa suke ce masa. Sai mu ce tudun ƙafa.

Wani oga makanike ya kawo gyara mai kyau. Ya ce: "Alhaji, Corolla da Camry da ake kawo mana a ɗaga su saboda ramuka, ba su da shasi daban, bodin ne shasin. Robar da muke sa musu a saman shokazoba take zama. Ita ma gammo ce?" Oga, gammo ce, sai dai wurin zamanta ya bambanta, aikinta ma haka. A ce gammon bodi da gammon sifirin. Na biyun yana ɗaga cikin motar da gaske, amma yana ƙara karkatar da sandunan da ke juya tayoyin gaba, kuma ku kuka fi ni sanin yadda robar da ke rufe gaɓoɓinsu ke saurin yagewa bayan haka.

Game da taya ba mu buƙatar sabuwar kalma, babbar taya ta isa. Lissafin ne ya kamata mu riƙa faɗa wa juna. Taya mai lamba 265/70R16 tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 777 ne. Mai lamba 285/75R16 kusan 834. Bambancin 57, amma aksul a tsakiyar taya yake, don haka rabin wannan kawai ya samu, milimita 28, inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Kuma agogon gudu zai fara yi maka ƙarya: yana nuna 100, kai kuwa kana kan 107. Burki ya ƙara nisa, mai ya ƙara tafiya, mota ta yi nauyin tashi. Duk tudun da aka ƙara kuma nauyi ne aka mayar sama, a kan kwana shi ke kayar da mota, balle an yi mata lodin buhuna har saman kai.

Wannan sana'a ta ƙarin tudu ta fi ƙarfi a Amurka da Ostireliya da Aislan, kuma kowa da abin da ya kai shi. A Amurka har ta zama abin kallo, tun daga Bigfoot, motar Ford F-250 da Bob Chandler ya fara ɗagawa a shekarun 1970 har aka kai ga sa mata tayoyi masu inci 66. A Aislan kuwa larura ce. Kamfanin Arctic Trucks yana sa wa Hilux da Land Cruiser tayoyi masu inci 38 har 44, a sace iskarsu su baje a kan dusar ƙanƙara kada motar ta nutse. Abin da ya burge ni da aikinsu, sukan yanke bakin bodi su faɗaɗa mazaunin taya domin kada su ɗaga motar fiye da kima. Direbobin Agadas da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku sun san wannan dabara ta sace iska tun ba yau ba, rairayi da ƙanƙara halinsu ɗaya a ƙarƙashin taya.

Saura abu ɗaya da ban samu ba tukuna: sunan tazarar da ke tsakanin tulun aksul da ƙasa, wadda ita ce ainihin abin da na je nema a gareji. Na rubuta "ratar ƙasa" na ajiye, wani ya ce "ratar ciki". Makanikai, in kun sa awo a ƙarƙashin mota kuna auna wurin nan, me kuke ce wa yaranku su auna?